Hutun Bazara A Bakin Tafki: Yadda Tukunya Ta Kafa Wa Yahudawan Amurka Sansani

(Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya gabatar a zaman ƙungiya na wata-wata)

   

Kwamitin shirya wannan zama ya nemi in yi magana a kan tafiyar da na yi ƙasar Amurka, kuma na san da yawanku kun zo ne ku ji labarin dala da kwantena da farashin citta. To, ku yi haƙuri, wannan sai mun haɗu a kasuwa. Abin da na zaɓa yau shi ne labarin wani yanki mai duwatsu da tafkuna da ake kira Katskil, a cikin jihar Niyu Yok, inda Yahudawan birnin Niyu Yok suka fi shekara 100 suna zuwa hutun bazara, da kuma irin abincin da ake ci a wurin. Tun da wuri in faɗa, ban zo da siyasa ba, wannan tana da nata zauren. Maganar tukunya na kawo, da wuƙar mahauci. Dalilina kuwa, mutane ne da suka baro garuruwan iyayensu suka zauna a ƙasar wasu, kamar yadda muke zaune a nan Ikko, kuma abin da ya kafa musu wannan wurin hutu tambaya ce da kowane baƙo ya sani: me za mu ci, kuma a gidan wa za mu ci shi?

Katskil yana arewa maso yamma da birnin Niyu Yok, tafiyar kamar kilomita 150, wato ya ɗan ɗara nisan Ikko zuwa Badun. Ƙasa ce ta tuddai da kurmi da ƙoramu, ga tafkuna ƙanana birjik, kusan kowane ƙauye da nasa. Ruwan da mutanen birnin ke sha ma, yawancinsa daga waɗannan duwatsun ake jawo shi. Bazararsu ba irin tamu ba ce. Takan kama daga Yuni zuwa ƙarshen Agusta, lokacin da makarantu ke dogon hutu, rana kuma ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 8:30 na dare. A cikin birni zafi da gumi kamar Ikko a watan Maris, amma a kan tudu da dare sai ka nemi bargo. Da hunturu kuwa, tafkin nan da yara ke ninƙaya a ciki yakan daskare har mutum ya yi tafiya a kansa. Kafin zuwan firji ma, ƙanƙarar tafkin ake yankawa da zarto, a binne ta cikin garin katako, a riƙa amfani da ita har bazara.

To, me ya kawo Yahudawa nan? Tsakanin 1881 da 1924, fiye da mutum miliyan 2 daga cikinsu suka ƙaura zuwa Amurka daga Rasha da Polan da Lituweniya da Romaniya da maƙwabtansu, suna gudun talauci da hare-haren da ake kai musu. Da yawansu suka cunkushe a gidajen hayar bene na wata unguwa a ƙasan birnin, aikinsu ɗinki da guga da talla a kan amalanke. Ɗaki ba iska, tarin fuka yana ta ɗibar mutane, likita kuwa maganarsa ɗaya ce, a fita a sha iskar tudu. Amma fita zuwa ina? Otal-otal na wuraren hutu da yawa ba sa karɓarsu, wasu har a takardar talla sukan rubuta. A 1877 wani attajiri mai banki, Joseph Seligman, ya je wani babban otal a garin Saratoga na wannan jiha, aka ce masa gidan ba ya saukar da Yahudawa. In an yi wa mai banki haka, ina ga mai gugar wando? Sa'an nan ko da an buɗe musu ƙofar, akwai matsala ta biyu wadda ta fi ta farko: ba za su iya cin abincin gidan ba.

A nan zan ɗan daɗe, don na ga mahautanmu da dillalan shanu sun cika wancan sahu. Abincin da ya halatta a shari'arsu suna ce masa kosha. Dabbar da za a ci sai ta haɗa abu biyu, tana tuƙa, kuma kofatonta a rabe yake. Saniya da tunkiya da akuya sun shiga. Alade bai shiga ba, zomo bai shiga ba, raƙumi ma bai shiga ba. Kifi kuma sai mai ɓawo a jiki da fiffike. Ke nan karfasa da giwan ruwa sun halatta, amma tarwada haramun ce a wurinsu, haka jatan lande da ƙaguwa. Duk farfesun tarwadar da ake kashe kuɗi a kai a garin nan, su ko kyauta ba sa so.

Yanka kuwa ba kowa ke yi ba. Akwai mutum na musamman, suna kiransa shohet, wanda sai ya yi karatu an ba shi izini. Wuƙarsa doguwa ce, ba ta da tsini, kuma kafin ya yanka yakan bi kaifinta da farce. In ya ji ko ɗan giɓi, sai ya sake wasa ta. Bayan yanka a buɗe ƙirji a duba huhu. Idan an sami huji ko wata cuta, dabbar ta fita daga kosha, sai a sayar wa waɗanda ba Yahudawa ba. Naman da ya tsallake wannan jarrabawa a jiƙa shi a ruwa rabin awa, a barbaɗe shi da gishiri mai tsakuwa awa 1 don ya tsotse jini, a ɗauraye sau 3. Hanta kuwa, da yake jini ya yi mata yawa, sai an gasa ta a wuta tukuna. Akwai kitsen da ba sa ci, kuma Suratul An'am ta ambaci kitsen shanu da na tumaki da aka haramta musu. Akwai kuma wata jijiya a cinya da suke danganta haramcinta da Annabi Yakubu, alaihis salam. Cire kitsen nan da jijiyar aiki ne mai cin lokaci, saboda haka a Amurka mahautansu kan sayar da rabin saniya na baya gaba ɗaya ga sauran jama'a, su riƙe na gaba. Kun ji dalilin da ya sa shahararren namansu na ƙirji ne, mai tauri, wanda sai ya sha wuta awa da awanni kafin ya yi laushi. Doka ce ta zaɓa musu yankin naman, su kuma suka ƙware a dafa shi.

Amma abin da ya fi ɗaure kai shi ne raba nama da nono. Ba a dafa su tare, ba a cin su tare, tukwanensu daban, cokulansu daban, har soson wanke-wanke daban. Wanda ya ci nama, yawancinsu sai ya jira awa 6 kafin ya sha nono. Waɗanda asalinsu Jamus ne sukan jira awa 3, na Holan kuwa awa 1. Wato tuwo da miyar kuka da nama, a zuba man shanu a kai, wanda mu a wurinmu shi ne ƙarshen daɗi, su a wurinsu an ɓata tukunya. Ka ci tsire ka kora da fura da nono, wannan ma babu. To, mutumin da ke ɗauke da wannan doka, ta yaya zai ci a kicin ɗin wanda bai san ta ba?

Mafita ta zo ta hanyar da ba wanda ya shirya. A 1900 aka kafa wata ƙungiya da dukiyar wani attajirinsu, Baron de Hirsh, tana ba su rance su sayi gonaki su bar cunkoson birni. Da yawa suka saya a Katskil don ƙasar tana da araha. Ashe arahar da dalili: ƙasa ce mai duwatsu, ba ta ba da amfanin kirki. Sai manoman suka lura cewa 'yan'uwansu na birni suna zuwa musu da bazara, ana cin ƙwai da madara da kaji ba tare da fargaba ba. Daga nan aka fara karɓar kuɗi. Noma ya koma saukar baƙi.

Masu ƙaramin ƙarfi suna da nasu tsari, wanda a harshensu na Yidish ake kira kohalen, ma'ana dafa da kanka. Iyali su kama ɗaki ɗaya na tsawon bazara, kicin kuwa na kowa da kowa ne, kowace mace da murhunta da ɗan gurbinta a akwatin ƙanƙara. Iyayenmu mata da suka zauna gidan haya a Agege ko Idi-Araba ba sai na yi musu bayanin abin da kan biyo baya ba: wa ya taɓa mini tukunya, wa ya sha mini madara. Mata da yara su zauna wata 2, maza su yi aiki a birni, su hau jirgin ƙasa ranar Juma'a, su koma bayan hutun mako. Daga baya aka riƙa gina ƙananan gidajen katako a jere, kowane iyali da nasa ɗan kicin, a tsakiya fili, a gefe tafki ko kududdufin wanka. Waɗannan su ne sansanonin da nake nufi.

Masu kuɗi kuma suka sami otal. Wanda ya fi suna shi ne Grossinger's. Mai gidan, Selig Grossinger, gugar wando yake yi a birni har lafiya ta gaza, a 1914 ya sayi tsohuwar gona, matarsa na dafawa, 'yarsa Jennie na tarbar baƙi. A bazarar farko baƙi 9 suka samu, kuɗin da suka shigo dala 81. Gidan nan ya girma har ya zama yana saukar da baƙi wajen 150,000 a shekara, da gidan wayarsa da filin saukar ƙananan jirage. Wani kuma, Concord, a bakin tafkin Kiyamesha, zauren cin abincinsa na ɗaukar mutum 3,000 a zama ɗaya. A wani mai suna Kutsher's, Muhammad Ali da kansa ya taɓa yin atisayen dambe. A shekarun 1950 otal-otal ɗin yankin sun kai wajen 500. Kicin biyu ne a manyan, na nono da na nama. Safe da rana a ci na nono, da dare a ci na nama, kuma kuɗin ɗaki ya haɗa da abinci, ka ci iya cinka, ka ce a ƙaro, ba mai harararka. Mutanen da iyayensu suka san yunwa a Rasha, ka ga kuwa ba abin da za ka sayar musu da ya fi teburin da ba ya ƙarewa. Har yankin ya sami laƙabi daga sunan wata miyarsu, borsh, wadda ake yi da wani jan tushe mai kama da dankali, ana shanta da sanyi, da wani irin kindirmo mai maiƙo, a jefa dafaffen dankalin Turawa mai zafi a ciki.

Ni abin da ya kai ni, wani abokin cinikina ne da ya daɗe yana sayen citta da riɗi a hannuna. Na isa a watan Yuli na tarar ofishinsa ba kowa sai akawu, ya ce in ina son ganinsa sai in biyo shi tudu. Na yi kwana 6 a sansaninsu kusa da garin Montiselo: gidajen katako kamar 30, da ɗakin ibadarsu, da ɗan tafki mai kwale-kwale 2. Yara tun safe suna waje, ba mai tsoron mota. Tsofaffi a kan kujeru ƙarƙashin itatuwa, hira ba ta wuce ta wane ya aurar, wane ya rasu, me za a dafa.

Ranar Juma'a wuri kan canza. Tun hantsi ƙamshi ya cika sansanin, domin daga faɗuwar rana har taurari su fito daren Asabar, wajen awa 25, ba a kunna wuta, ba a dafawa, ba a tuƙa mota, ba a taɓa kuɗi. Ɗan kasuwa ne fa, wayarsa ba ta hutawa, amma na ga ya kashe ta ya jefa a aljihun tebur. To, in ba a dafawa ranar Asabar, ina za a sami abinci mai zafi? Amsar ita ce wata tukunya da suke kira colent. Wake da sha'ir da dankalin Turawa da albasa da nama mai ƙashi, a haɗa a ɗora kafin rana ta faɗi, a bar ta a kan 'yar wuta ta kwana tana nuna, sai azahar ɗin Asabar a sauke. A can Turai, inda ba kowa ke da tanda ba, gidan mai burodi ake kai tukwanen, a rufe tandar da su, gobe yara su je ɗauko. Ɗanɗanonta ya yi kusa da faten wake da ya sha nama, sai dai ba manja ba yaji, kuma bayan ka ci ba abin da za ka iya sai barci.

Kafin nama akan fara da kifi, kuma a nan ne na ga abin da ya sa na ce zan kawo muku wannan labari. Sunansa gefilte. Kifin tafki ne ake cire wa ƙaya, a niƙa da albasa da ƙwai da garin burodi, a dunƙula, a dafa a romo, a ci da sanyi tare da wata saiwa mai yaji da ke hawa hanci. Hikimarsa biyu ce: kifi ɗaya ya ishi gida guda, kuma ba sai an tsince ƙaya ranar Asabar ba, don tsincewar ma aiki ce a shari'arsu. A da har a bahon wanka matan birni kan ajiye kifin da rai zuwa ranar da za a dafa. To, mai masaukina kakanninsa daga Lituweniya suke, matarsa kuwa nata daga Polan. Ita tana sa sukari a kifin, shi kuwa a gidansu barkono da gishiri ne kawai. Shekara 30 da aure, gardamar ba ta mutu ba, sai da aka kawo mini faranti biyu aka ce in yi hukunci. Na ce ni baƙo ne, baƙo kuwa ba ya shiga tsakanin miji da mata. Amma tsakanina da ku, na barkonon ya fi. Kifi da sukari, Allah Ya sani, sai wanda ya tashi da shi. Bambancin kuma yana da asali: a ƙarni na 19 aka kakkafa masana'antun sukari a yankin Polan, sukari ya yawaita har ya shiga miya da kifi da burodi, alhali can arewa bai yawaita haka ba. Har masana sun ja layi a taswira, yamma masu zaƙi, gabas masu barkono.

Ana cikin haka sai wani maƙwabcinsu da aka haifa a Maroko ya ce duk su biyun ba su san kifi ba. A gidansu kifin Asabar da tumatir da tattasai da tafarnuwa ake dafa shi. Colent ɗin ma su dafina suke ce mata, da waken Larabawa da ƙwai da ɓawonsa a ciki. Na Iraƙi kuma tasu tukunyar kaza ce da aka cusa wa shinkafa. Doka ɗaya, wato kada a kunna wuta ranar Asabar, amma kowace ƙasa da abin da kasuwarta ta zuba a tukunyar. Da ka bi sauran abincin ma haka za ka tarar. Borsh ta mutanen Yukiren da Polan ce. Wata miyar ganye mai tsami kamar yakuwa, ita ma daga can. Kifin shawa da muke soyawa a nan, su jiƙa shi suke yi a gishiri da ruwan tsami da albasa, kamar yadda mutanen bakin tekun arewacin Turai ke yi. Naman nan mai kayan yaji da hayaƙi da ake kira fastirami daga Romaniya aka zo da shi. Burodin nan mai huji a tsakiya, begel, wanda ake tafasawa kafin a gasa, daga Polan. Da yake man shanu ba ya haɗuwa da nama, man alade kuma haramun ne, sai suka koma soya da kitsen dinya da na kaza. Abin da ake kira abincin Yahudawa, in ka tona, abincin maƙwabtansu ne na kowace ƙasa, wanda aka tace da rariyar shari'arsu.

Katskil ma ta zuba nata. A bakin hanya manoma kan kafa rumfa suna sayar da ɗanyar masara mai zaƙi, wadda minti kaɗan a tafasasshen ruwa ya ishe ta, a shafa mata man shanu, saboda haka da rana ake cinta, ba da dare da nama ba. Yara kan shiga daji da gwangwani su tsinko wasu 'ya'yan itace shuɗɗa ƙanana, iyaye mata su cusa su a ƙullun fulawa. Ƙoramun wajen garin Rosko sun shahara a duk Amurka da wani kifi da ake kira tirawut, mai ɓawo ne, ya halatta gare su da mu. Akwai kuma zumar itace: a ƙarshen hunturu ake huda jikin wata bishiya mai suna mepul a tari ruwanta, a dafa wajen lita 40 kafin a sami lita 1. Na zo da kwalba 2, ɗaya na kai wa Sarki, ɗayar kuwa iyali sun riga sun yi mata hukunci da ƙosai da fanke.

Na san akwai mai tambaya a zuci: Alhaji, ka ci naman? Na ci. Abin da muka karanta a Risala tun muna Islamiyya shi ne babu laifi a abincin Ahlul Kitabi da yankansu, sai dai an karhanta kitsen yankan Yahudawa ba tare da an haramta ba. Ayar Suratul Ma'ida ma sananniya ce. Musulmin Amurka da yawa, kafin shagunan halal su yawaita, wurin mahautan kosha suke sayen nama. Amma matasan da ke shirin tafiya, ku riƙe wannan: kosha da halal ba abu ɗaya ba ne. Giyar inabi kosha ce a wurinsu, da ita suke buɗe cin abincin daren Asabar, kuma takan shiga wasu miya da kayan zaƙi. Ni ruwan inabi marar sa maye suka ajiye mini, kuma kowace tukunya sai da na tambayi abin da ke cikinta. Ba su ji haushi ba, don su ma haka suke yi a gidan wasu. Haka nan shohet yakan yi addu'arsa sau ɗaya ne kafin ya fara yankan dabbobi da yawa, ba kowace dabba da tata ba, kuma malamai suna da magana a kan wannan, ga su nan zaune sai a tambaye su. A kanti kuma za ku ga wani tambari a jikin gwangwani, harafin U a cikin da'ira. Hatimin wata hukumar malamansu ne da ta fara sa shi tun 1923, a kan gwangwanin waken kamfanin Heinz. Ma'anarsa an aika mai duba har cikin masana'anta. In ka gan shi ka san ba alade a ciki, saura ka duba maganar giya da kanka.

To, ina manyan otal-otal ɗin yau? Babu su. Jirgin ƙasan da ke kawo baƙi ya daina ɗaukar fasinja a 1953. A 1964 Amurka ta yi dokar da ta hana otal korar mutum saboda launinsa ko addininsa, ƙofofin da ke rufe suka buɗe. Na'urar sanyaya ɗaki ta shiga gidaje, zafin birni ya daina korar kowa. Kuɗin jirgin sama ya sauko, mai hali ya gwammace ya tafi Fulorida ko Turai. Mafi girma duka, jikokin masu ɗinkin nan sun zama likitoci da lauyoyi, da yawansu sun sassauta dokar abinci, suna iya ci a ko'ina. Grossinger's ya rufe a 1986, aka rushe kangonsa a 2018. Concord ya rufe a 1998, kuma a kan wani ɓangaren filinsa aka buɗe gidan caca a 2018. Kutsher's shi ya fi jurewa, ya kai 2013. Abincin kansa bai mutu ba, sai dai ya fita daga hannun masu shi. Begel ya zama na kowa a Amurka, kamar yadda tsire ya zama na kowa a Ikko, har za ka ga an tsaga shi an sa naman alade a ciki, mai saye bai ma san daga ina ya fito ba.

Ƙananan gidajen katakon nan kuwa, waɗanda masu otal ke yi wa kallon wurin talakawa, su ne suka rage. Masu riƙo da addini daga unguwannin Burukilin, masu 'ya'ya 7 da 8, su suka karɓe su, kuma duk bazara dubbai ne ke hawowa. A idon ɗan kasuwa lissafin a fili yake. Otal ya sayar da ƙawa da yawan abinci da 'yan barkwanci, kuma ranar da aka buɗe wa baƙinsa ƙofar duniya, suka tarar akwai masu sayar da irin wannan a ko'ina, har da rahusa. Sansani kuwa hajarsa ita ce kicin da mace ta yarda da shi, da mahaucin da aka sani, da ɗakin ibada da za a iya zuwa da ƙafa ranar Asabar, da yaran da za su tashi sun san juna. Wannan ba a samunsa a Fulorida da tikitin jirgi.

Abin da ya ƙara ba ni sha'awa shi ne kasuwar da ke bin su. A garuruwa irin su Wudbon da Falsbag ta Kudu akwai shagunan da ba sa buɗewa sai bazara: mai burodi, mai kifi, mahauci, mai sayar da littattafai, duk daga Burukilin suke ɗauko kayansu su biyo abokan cinikinsu tudu. Daren Alhamis shi ne babbar kasuwa, sai ka ga layi har waje, ranar Asabar kuwa titi tsit kamar an yi shara. Cinikin duka na mako 9 ne zuwa 10, daga ƙarshen Yuni zuwa Litinin ɗin farko ta Satumba, ranar hutun ma'aikatansu. Washegari a tsiyaye ruwan famfo don kada ƙanƙara ta fasa bututu, a jawo kwale-kwale tudu a kife, a sa kwaɗo a ƙofa, motoci su jeru a kan hanya mai lamba 17 zuwa birni, da katifu ɗaure a sama da tukwane kashi biyu a but, na nama daban, na nono daban.